Turmin Iya Tasalla

Ranar wata Asabar ce a kakar shekarar 1995, da hantsi, aka fara tayar da injin niƙa a unguwarmu ta Yalwawa. Ina 'yar shekara goma a lokacin, ina tsaye a tsakar gidan maƙwabciyarmu Iya Tasalla riƙe da faifai, ina jiran a kwaso mini surfen da zan bakace. Mata uku ne a kan babban turminta, ita da Ladi da Gwaggo Hanne, taɓarensu na hawa da sauka bi da bi. Sai muka ji wani abu ya yi tari daga bakin hanya, kamar tsohon sa da ƙaiƙayi ya shaƙe. Ya yi shiru, ya sake tari, sa'an nan ya kama wata irin ƙara da ke shigo wa mutum ta tafin ƙafa kafin ta iso kunne. Balbelun da ke kan tsamiya suka tashi gaba ɗaya. Maraƙinmu da ke turke a bayan danga ya tsinke igiya. Duwatsun bayan unguwa, waɗanda kullum suke maido mana da sautin daka, suka karɓi ƙarar suka dawo da ita, har mutum ya rasa ta ina take fitowa. Ladi da Gwaggo Hanne suka tsaya cak da taɓare a sama. Iya Tasalla kaɗai ce ba ta tsaya ba. Ina ganin taɓaryarta na sauka, ina ganin gero na tsalle a bakin turmi, amma ban ji dukan ba ko kaɗan. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan a ranar, ganin ana daka babu sauti.

Mu asalinmu masu kiwo ne. Kakana ne ya gaji da yawo ya kafa gida a gefen Dutse, ya haɗa noma da 'yan shanun da suka rage masa. Ni ban tarar da shi ba, amma na tarar da matarsa, kakarmu da muke kira Dada, wadda yanar ido ta makantar da ita tun ina goye. A ɗakinta nake kwana, ni ce kuma sandarta. Da safe in riƙe maraƙi Innarmu ta yi tatsa, in share tsakar gida, in kai wa Dada ruwan alwala, in ja ta zuwa tabarmarta a gindin darbejiya, sa'an nan in sa kayan makaranta in ruga firamare kafin a kaɗa ƙarfe. A makaranta ma shara ce ke jiranmu, kowace yarinya da guntun tsintsiyarta a cikin jaka. In an tashi mu biyo ta ƙarƙashin itatuwan dabino muna tsintar waɗanda tsuntsaye suka kaɗo, mu tsaya mu yi 'yar carafke a kan wani faffaɗan dutse har sai zafinsa ya kore mu. Ranakun da babu makaranta kuwa, da duk wata yamma, a gidan Iya Tasalla nake.

Iya Tasalla doguwa ce, baƙa, mai faɗin kafaɗa, mijinta ya daɗe da rasuwa ya bar ta da ɗa guda, Yaya Sale. Gidanta ne na ƙarshe a layinmu, bayansa ya jingina da wani ƙaton dutse. Sana'arta daka. Ta yi sussuka, ta yi surfe, ta yi ribɗi, ta kirɓa fura, a biya ta ko a bar mata dusa da tsaki. Da aka mayar da Dutse babban birnin jiha, ma'aikata suka cika gari da iyalansu, suna kama ɗakunan haya har a unguwarmu, sai aiki ya yi mata yawa. Matan ma'aikatan nan yawancinsu ba su da turmi, wasu ko riƙon taɓarya ba su iya ba. Kwanuka suka riƙa yin layi a zaurenta, ta ɗauki Ladi da Gwaggo Hanne su taya ta, mu kuma yara muna bakace da tankaɗe, ladanmu dunƙulen fura mai ɗumi da yaji. A wurin nan ake jin wa ta haihu, wa ya dawo daga ci-rani, gonar wa shanu suka shiga. In aiki ya yi daɗi sai su shiga lugude, su cilla taɓarya sama su tafa hannu su cafe, mu kuma mu ajiye faifai mu kama gaɗa. Tafin hannun Iya Tasalla kamar ƙasan takalmi yake. Takan kama nawa ta murza ta ce, "Wannan hannun biro ne, Dije, amma dai a koya masa taɓarya."

Dada ba ta zuwa ko'ina, amma babu abin da ke wuce ta, domin da turame take ganin unguwa. Kowane turmi da muryarsa a kunnenta. Na gidan liman siriri ne saboda ya tsage a gefe, na gidan mahauta gajeren duka ne da sauri, na Iya Tasalla kuwa mai zurfi ne, na icen ƙirya, har a ƙirji ake jin sa. Da su take sanin hantsi ya yi, da su take sanin la'asar ta gabato. In safiya ta wuce ba ta ji wani turmi ba, sai ta ce, "Dije, leƙa gidan su wance, yau ba a daka ba." Sau da yawa in je in tarar da matar gidan kwance da zazzaɓi ko naƙuda ta kama ta.

Mai injin wani ɗan kasuwa ne mutumin Taura, ba mu cika ganinsa ba. Wanda ya ɗauka ya kula masa da shi kuwa Yaya Sale ne, wanda ya daɗe yana neman abin yi bayan aikin gona. Ranar da aka ba shi makullin ɗakin injin ya shigo gida fuskarsa cike da murna, a gabana ya durƙusa ya ce wa uwarsa ta huta ke nan, daga yau shi zai ciyar da ita. Ta sa masa albarka, kuma da zuciya ɗaya ta sa.

Farkon shigata ɗakin injin Innarmu ce ta aike ni da dawa. Ɗaki ne na kwano mara taga, haske na shigowa ta ramukan ƙusa tsiri-tsiri, gari na yawo a cikinsu. Warin gas da na hatsi mai zafi suka cika mini hanci. Wani dogon bel baƙi yana gudu tsakanin ƙarafa biyu yana kaɗawa, an ja mana kunne cewa in ya kama gefen zane har mutum zai haɗiye. A tsakiyar wannan duka ga Yaya Sale, fari fat tun daga gashin kai har gashin ido, idanunsa kaɗai ne jajaye. Na gaishe shi, bakina ya motsa amma ni kaina ban ji muryata ba. Ya miƙo hannu ya karɓi kwanon, ya juye a mazurari, kafin in gyara ɗaurin ɗankwalina ya miƙo mini gari. Aikin da mata uku za su wuni a kai. Yaran da ke layi a bayana duk na san su, abokan gaɗata ne, amma kowa na tsaye shiru da kwano a ka, domin babu amfanin magana. Na fito waje kunnena na ci gaba da kuka har gida.

Ba rana ɗaya abin ya faru ba. Matan ma'aikata ne suka fara janyewa, sai masu ƙosai da masu koko, sai gidajen unguwa ɗaya bayan ɗaya. Da aka ƙaro wa injin kan da ke yin surfe, sai ɗan abin da ya rage ma ya tafi. Ladi ta koma tuyar awara a bakin sakatariya, Gwaggo Hanne ta koma ƙauye wurin 'yarta. Innarmu ta ji daɗin injin ƙwarai, kuma ba na ganin laifinta, domin ciwon ƙugun da ta daɗe tana fama da shi ya sauka, ta sami lokacin saƙa faifai da zuwa islamiyya. Turame suka koma kujeru, an kife su a gindin bango, wasu gara ta shige su. Unguwa ta zama ko dai ƙarar inji, ko kuma wani irin shiru idan an kashe shi, shirun da kukan kurciya ɗaya ke cika shi. Dada ta rikice. Ta riƙa tambayata ko azahar ta yi alhali rana ba ta ko take tsaka ba. Matar liman ta yi jinya har ta warke Dada ba ta sani ba.

Da bazara ta shigo, wata rana tsaka, Yaya Sale ya kashe inji ya tafi masallaci. Ina kwance kusa da Dada ina fifita, zafi ya hana ko kaji motsi, sai muka ji daka daga ƙarshen layi. Mai zurfin nan ne, na icen ƙirya. Na yi murna na ce Iya ta sami aiki. Dada ta ɗaga mini hannu, ta karkata kai ta saurara, sa'an nan ta ce a hankali, "Babu hatsi a turmin nan." Ta sa na ɗebo gero a ƙwarya daga rumbunta, ta ce in kai wa Iya, in ce tuwon garin inji ba ya zama mata a ciki.

Na shiga da sallama ba a amsa ba. Iya Tasalla na tsaye a inda ta saba, ta ci ɗamara, zufa na bin wuyanta, tana daka turmi wayam. Kajin gidan sun kewaye ta suna jiran abin da zai faɗo, babu abin da ke faɗowa. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda take dakan. Ba dakan mutum ɗaya take yi ba. In ta sauke taɓarya sai ta dakata, ta bar gurbin duka biyu, na Ladi da na Gwaggo Hanne, kafin ta sake saukewa. A cikin gurbin nan kuwa dutsen bayan gidan yana maido da dukanta, sau ɗaya da ƙarfi, sau ɗaya can ƙasa-ƙasa. Wanda ya rufe ido zai rantse mata uku ne a tsakar gidan. Can ta tsaya, ta sunkuya ta sa hannu cikin turmi ta juya abin da babu, ta ɗago ta gan ni. Ba ta firgita ba, ba ta ji kunya ba. Ta dubi ƙwaryar da ke kaina ta ce, "Kin makara, Dije. Ajiye a layi." Babu kwano ko ɗaya a zauren. Na ajiye a inda layin yake farawa a da.

Daga ranar kullum sai Dada ta aike ni da gero, mu daka tare da Iya, ni a gurbin Ladi. Hankalinta ƙalau yake a kan komai, tana tambayar karatuna, tana yi mini faɗan riƙon taɓarya. Abu ɗaya na lura, hannun nan nata mai kaushi ya yi laushi a watannin zama, har ya fara yin bororo kamar na sabuwar koyo. In geron Dada ya ƙare na tafi, sai ta ci gaba da dakan wayam har a tayar da inji.

Magana ta zagaya unguwa. Wasu suka ce iska ce ta shafe ta a gindin dutse, wasu suka ce ɗanta ne ba ya ba ta abinci. Wannan ta biyun ce ta ƙona wa Yaya Sale rai, domin buhun masara da na gero na jingine a ɗakinta, shi ya saya. Wata yamma ya zo wurin Dada ya durƙusa. A lokacin kunnensa ya fara nauyi, da ƙarfi yake magana ba tare da ya sani ba.

"Dada, don Allah a daina aika mata. Ana cewa na bar uwata tana wahala. Me na rage ta da shi?"

"Ba ka rage ta da komai ba, ɗan nan," in ji Dada. "Amma ka bar mata turminta."

Bai ji ba. Ya ce, "Na'am?" Ta maimaita, ya gyaɗa kai irin na wanda bai ji ba amma yana jin nauyin sake tambaya. Washegari da safe muka gan shi yana gangara turmin a kan hanya, ya kai shi ɗakin inji ya kife a lungu, yana zama a kai.

Unguwa ta yi kwanaki shiru da rana tsaka. Sai kuma wani sauti ya ɓullo, ba mai zurfi ba, busasshe, kamar ana ƙwanƙwasa ƙashi. A kan duwatsun bayan gidan Iya akwai wasu ramuka masu santsi, zagayayyu kamar cikin ƙwarya, waɗanda aka ce mutanen da can can ne suka yi niƙa a ciki har dutse ya lotsa. An hana mu wasa a wurin, musamman da rana tsaka. Na hau katangar bayan gida na leƙa, na hango ta ita kaɗai a kan dutse cikin ƙwallewar rana, inuwarta a dunƙule ƙarƙashin ƙafarta, tana sauke taɓarya cikin ramin mutanen da. Ban ƙara leƙawa ba. Dada kuwa ta mayar da sautin abin saurarenta. In an kashe inji ta ji shi, sai ta ce alhamdu lillahi ta nemi buta.

Ana jajiberin Babbar Salla aiki ya yi wa injin yawa, layi har bakin titi. Ranar ba a kashe shi da azahar ba, Yaya Sale da wani mai taya shi suka yi salla bi da bi. Dada ta wuni tana juyi a kan tabarma, tana cewa ba ta jin komai, ba ta jin kowa. Sai wajen la'asar bel ya tsinke, ƙarar ta mutu farat ɗaya. Cikin shirun nan Dada ta damƙi hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Ni ban ji komai ba sai kukan kunnena. Ita ta ji. Ta ce, "Ba taɓarya ba ce wannan, tsakuwa ce. Kira uwarki, ku hau dutse."

Mun tarar da Iya Tasalla kwance a gefen ramin, taɓarya ta gangara can ƙasa. Ɓarin jikinta na dama ya mutu, bakinta ya karkace, leɓɓanta sun bushe sun tsage. A hannun hagu tana riƙe da 'yar tsakuwa, tana ƙwanƙwasa dutse a hankali, ta dakata, ta sake. Har muka tsaya a kanta ba ta daina ba, sai da Innarmu ta buɗe yatsunta ta cire tsakuwar. Tun da hantsi ta faɗi. Daga baya muka gane ta yi ta kira har muryarta ta ƙare, kuma tsakaninta da masu layin niƙa bai fi a yi jifa ba. An kai ta asibiti a bayan a-kori-kura, ta yi kwanakin Salla a can ba ta ce uffan ba, Allah ya karɓi abarsa.

Ranar sadakar uku Yaya Sale ya gangaro da turmin ya dawo da shi tsakar gida. Matan unguwa suka ce gumbar sadakarta da hannu za a daka, ba za a kai inji ba. Ladi ta zo, Gwaggo Hanne ta zo daga ƙauye, Innarmu ta ci ɗamara ta tsaya a gurbin mai gidan. Suka fara, amma dukan ya ƙi haɗuwa. Taɓare suka riƙa karo da juna a bakin turmi, gero na watsewa ƙasa. Aka canja hannu, aka sake canjawa. Kafin a ci rabin masaki numfashinsu ya ƙare, tafin hannun Ladi ya fashe, ga baƙi sun cika zaure ana jiran sadaka. Babu wadda ta dubi wata. Gwaggo Hanne ce ta juye sauran a kwano ta ɗora mini a ka ba tare da ta ce ga inda zan kai ba. Yaya Sale na zaune cikin masu zaman makoki ya gan ni na fito. Ya tashi ya bi ni, ya buɗe ɗakin, ya ɗaura sabon bel, ya tayar da injin da kansa. Da ya miƙo mini kwanon, garin na da zafi kamar jikin mai zazzaɓi.

Akwai abu ɗaya da ban cika faɗa wa mutane ba, domin ban san yadda zan fassara shi ba. Bayan an yi arba'in, wata rana tsaka da aka kashe inji, ni da Dada muka ji duka daga wajen dutse, ɗaya da ƙarfi, biyu ƙasa-ƙasa, sa'an nan shiru. Mai yiwuwa wani yaro ne ke fasa ƙwallon goruba. Na buɗe baki zan yi magana, Dada ta ɗora tafin hannunta a kan bakina, ta karanta Ƙulhuwallahu, ta ce in kawo mata ruwa. Ba mu taɓa tayar da zancen ba har ta bar duniya.

Injin gas ɗin nan ya yi zamaninsa. A shekarun shari'a aka raba masa layi, maza daban mata daban, daga baya masu aiki da lantarki suka zo, sai kuma gari a leda da ake saya a kanti. Yaya Sale ya tsufa, kunnensa ya toshe gaba ɗaya, yana zama a ƙofar gidan uwarsa yana sayar da rake. An fasa duwatsun bayan gidan an yi harsashin gini da su. Ni kuwa hannuna biron ya bi, na koyi buga takardu, na buɗe ɗan shago a Limawa inda ɗalibai da ma'aikata suke cika mini benci, ana hira ana gardama ina bugawa. Yanzu kowa a wayarsa yake rubuta abinsa, har an ce wayar ce ke rubuta musu. Maigidana da 'ya'yana ba su rage ni da komai ba, kullum suna cewa in rufe shagon in huta. Duk da haka kowace safiya nakan je in buɗe, in share, in goge bencin, in zauna ina kallon hanya har la'asar. Sai yanzu na san ba yunwa ce ta hau da Iya Tasalla kan dutse ba.